Ranar da Auta ya nemi gadonsa

Asabar, Aboabo, Kumasi.

Ban taɓa ganin Auta ya yi irin zaman da ya yi yau da safe ba. Ina cikin ɗaure atamfofin da zan tafi da su kasuwar Kejetia ya yi sallama, ya tanƙwashe ƙafa a bakin tabarma kamar mai neman aure, ya ciro Ghana Card ɗinsa ya ajiye a gabana. Ya ce, "Yaya, na cika shekara 19. Ina so a ba ni rabona na gadon Baba, pragya zan saya." Har muryar ma sai da ya ƙara mata kauri. Pragya ita ce babur ɗin haya mai ƙafa uku.

Na ce ya bari sai dare. Ya ce to, ya tashi cikin natsuwa. Ban gama ƙulle kayan ba na ji tsakar gida ta kaure. Shi ne da ɗana mai shekara 7, a kan ƙosai guda da ya rage a kwano. Mma ta ce a bar wa ƙaramin. Shi ke nan Auta ya ture kofin kokonsa, ya ce dama ba a ƙaunarsa a gidan nan, ya fice bai karya ba. Katin ma a kan tabarmata ya manta shi.

A cikin torotoro, motar haya, raina a ɓace yake. Kuɗin nan gumin Baba ne, na shekarun da ya yi yana fataucin goro, kuma tun rasuwarsa, Auta yana da shekara 13, amanar take wuyana. Yanzu in ɗauka in danƙa wa mai fushi da koko? Amma kuma in an bi ta hukuma ba ni da ta cewa. Dokar yara ta Ghana ta 1998 ta ce yaro shi ne wanda bai kai 18 ba. Auta ya jefa ƙuri'arsa ta farko ranar 7 ga Disamba 2024 a mazaɓar Asawase, ya kwana uku yana ba mu labarin layi. Ƙasa ta yarda ya zaɓi shugabanta, ni kuwa ban yarda ya riƙe kuɗin ubansa ba.

Wajen hantsi wata mai sayen kayana, ma'aikaciyar jinya, ta ga fuskata ta tambaya, na ba ta labari. Ta ce min ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke riƙe mutum in zuciya ta ɗebe shi, ya sa shi auna abin da zai biyo baya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi kuwa ɓangaren son daɗi da son yabon abokai tuni ya riga shi. Na tuna mangwaron da ke yin ja a baya alhali ciki da sauran tsami. Maganarta ta rage min haushi, amma ba ta faɗa min yadda zan yi da kuɗin ba.

Bayan azahar na bar wa maƙwabciyata shago na tafi Alabar wajen Kawu. Na same shi a zaure da almajirai biyu, ya sallame su. Na zayyana masa komai, har da ƙosan. Ya yi shiru, sannan ya karanto aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, inda aka ce a jarraba marayu har su isa aure, in an ga shiriya a tare da su sai a miƙa musu dukiyarsu. Ya ce, "'Yata, kin ga abu biyu aka ambata. Balaga daban, rushdu daban. Balaga tana da alamominta, in ba su bayyana ba mu Malikawa muna lissafa shekara 18. Rushdu kuwa, wato iya riƙe dukiya, ba shi da ranar haihuwa. Gani ake yi."

Na ji daɗi, na ɗauka ya goya min baya. Sai ya ce, "To da me kika taɓa jarraba shi?"

Na buɗe baki na rasa amsa. Ni ke tashinsa sallar asuba. Ni ke ba shi kuɗin mota kullum, a ƙirge, na zuwa da dawowa. Lambar sirrin MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, ni na zaɓa masa. Ko maganin Mma ban taɓa aikensa saye ba, don kada ya ɓatar da canji. Shekara 6 ina jiran in ga hankali a wurinsa, ban taɓa ba shi abin da zai nuna hankalin a kansa ba. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai, don da zuciya ɗaya na yi, ina ganin tausayin maraya ne. Kawu ya ce kowa da ragowar ƙuruciyarsa, har masu furfura, ya tuna min yadda na ƙi yi wa Mma magana kwana biyu bara don ta yabi girkin matar yayanmu a gabana. Gaskiya ya faɗa. Ina da shekara 31 a lokacin, da ɗa a gabana, kuma abin da nake so bai wuce uwata ta ce ni ma na iya ba. Shi ne dai abin da Auta ke nema da safe, ba ƙosai ba.

Maimakon in koma kasuwa sai na hau motar Suame. Shekararsa ta uku ke nan yana koyon aikin fita, wato kanikanci, a Magazine, unguwar masu gyaran mota, amma ban taɓa taka ƙafata can ba. Wurin ya fi yadda nake zato girma, ƙarar guduma ko'ina, ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai. Da tambaya na gano rumfarsu, na tsaya daga nesa bayan wata tsohuwar babbar mota.

Wallahi da ƙyar na gane shi. Yana sunkuye a kan injin wata Sprinter, direban yana ta ɗaga murya da Turanci da Asantanci, shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Da ya gama ya nuna wa mutumin abin da ya lalace, ya yi masa bayani a hankali har ya sauko. Wani ƙaramin yaron shago ya kawo sifana da ba ita aka ce ba, na jira in ji tsawa, sai na ga ya dafa kansa ya nuna masa lambar da ke jiki. Mastansu, wani dattijon Ba'asante, ya gane ni da kama. Ya ce min in zai yi tafiya Auta yake bar wa makullin rumfa da kuɗin kayan gyara, kuma bai taɓa samun gibin ko pesewa ɗaya ba. Bare ya ba shi amana ya riƙe. Na juya kafin ya gan ni, ina share ido da bakin gyale.

Ba zan ce na daina tsoro ba. Pragya ba abin wasa ba ce, ina ganin yadda samari ke tsere da ita a hanyar Asawase, kuma an ce ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Mai haƙuri da direba a Suame shi ne dai mai ture koko a Aboabo, duka biyun ƙanena ne.

Bayan isha'i na kira shi, na mayar masa da katinsa. Na ce daga farkon wata shi zai riƙe kuɗin cefane, da sayen wutar mita, da maganin hawan jinin Mma, har wata uku, yana rubuta komai a littafi. In lissafi ya fita, ni da shi za mu je gaban Kawu a yi maganar gado. Na kuma ce gobe ya canza lambar MoMo, kada ya faɗa min. Na zaci zai yi gardama. Ya daɗe yana juya katin a hannu, sannan ya ce, "Yaya, in na yi kuskure fa?" Na ce sai mu gyara tare.

Da zan kulle ƙofa na leƙa ɗakin Mma. Ya sayo ƙosai a leda, shi da ɗana suna zaune a ƙasa suna rabawa ɗaya-ɗaya, yana ƙirgawa da ƙarfi don kada a cuce shi. Mma ta ɗaga ido ta kalle ni, ta sa yatsa a baki.

Na saita agogon asuba. Gobe ba zan buga masa ƙofa ba.