Gurbin Kansila: Abin da Na Gani Ina Akawun Majalisa

Akawun majalisar kansiloli shi ne mai rubuta abin da aka tattauna a zama, shi ke riƙe rajistar waɗanda suka halarta, shi ke fitar da takardar gayyata, kuma a ofishinsa sandar majalisa take kwana. Ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da gardama ta kaure a kan abin da doka ta ce. Na yi wannan aiki shekaru masu yawa a wata ƙaramar hukuma ta karkara a arewa maso yammacin Najeriya, kuma littattafai biyu ne ba sa barin teburina: kundin tsarin mulki na 1999, da dokar ƙananan hukumomi ta jiharmu. Sai an haɗa su biyun ake gane zance, domin sashe na 7 na kundin ya wajabta cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, sannan ya bar wa kowace jiha ta yi dokar da za ta fayyace tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Shi ya sa ƙananan hukumomi 774 ba tafiyarsu ɗaya ba. A wata jiha wa'adin ciyaman shekara biyu ne, a wata uku, a wata huɗu.

A duk abin da ke cikin littattafan nan, ban ga babin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi ba kamar na gurbi, wato abin da za a yi idan kujera ta zama babu kowa a kanta.

Wani kansilanmu ya rasu ana tsakiyar damina, bai ci rabin wa'adinsa ba. Mazaɓarsa ce mafi nisa da hedikwata, ƙauyuka ne a bayan fadama, da zarar ruwa ya zauna mota ba ta shiga, sai babur. Bayan sadakar bakwai sai ga dagacin garin a sakatariya, da dattawa, da ƙanin marigayin a bayansu yana sunkuye da kai. Ciyaman ya karɓe su, aka yi addu'a, sannan ya turo su wurina.

Dagaci ya ce, "Malam Akawu, maganar kujerar marigayi ce ta kawo mu. Mun zauna, babu wanda ya ja. Ga ƙaninsa nan, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne zai riƙe marayun. A ba shi ya ƙarasa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji, kuma na san ba son zuciya ya kawo ku ba. Amma ni ba ni da ikon bayarwa, ciyaman ba shi da shi, gwamna ma ba shi da shi. Kujerar da aka hau da ƙuri'a, sai da ƙuri'a ake cike ta."

Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a zamanin En'e idan hakimi ya kai magana gaban sarki, to ta zauna. Gaskiyarsa. Amma tun gyaran 1976, da aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasar, wakilci ya bar hannun fada. Kwana kaɗan bayan haka shugaban jam'iyya ya zo da tasa hujjar, kuma ta fi ta dagaci ƙarfi a kunne. Ya ce tambarin jam'iyya ne a takardar ƙuri'a ba hoton marigayi ba, don haka jam'iyya ta ba da suna a rantsar. Na buɗe masa littafi. Ana musanya ɗan takara ne idan ya rasu ko ya janye kafin zaɓe. Wanda ya riga ya sha rantsuwa ya zauna a majalisa, idan ya bar kujera sai zaɓen cike gurbi.

Da na keɓe da ƙanin marigayin sai na tarar akwai wani shingen a gabansa da ko dattawan ba su hango ba. Malamin firamare ne, albashin gwamnati yake karɓa. A nan ne sharuɗɗan cancanta suke shigowa. Ƙaramin sashe na 4 na sashe na 7 ya ce duk wanda yake da damar tsayawa takarar majalisar dokokin jiha yana da damar tsayawa ta ƙaramar hukuma, don haka dokokin jihohi galibi sashe na 106 da na 107 suke bi sau da ƙafa. Sashe na 106 abu huɗu ya nema: mutum ya zama ɗan Najeriya, ya kai shekara 25 (da 30 ne, aka rage a gyaran da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018), ya yi karatu aƙalla zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Sashe na 107 kuma ya jero waɗanda aka hana: wanda aka tabbatar da taɓin hankalinsa, wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, wanda aka samu da laifin rashin gaskiya a cikin shekara goma kafin zaɓe, ɗan ƙungiyar asiri, wanda ya miƙa takardar bogi, da ma'aikacin gwamnati da bai ajiye aiki ba kwana 30 kafin ranar zaɓe.

Wannan na ƙarshen ya fi kowanne kayar da mutanen kirki a karkara. A ƙauye wa ya yi karatu, wa jama'a suka yarda da shi? Malamin makaranta, malamin asibiti, malamin gona. Dukkansu ma'aikata ne. Da yawa sukan ɗauka hutu ba albashi ya wadatar, ko su rubuta takardar ajiye aiki su bar ta a aljihu har sai sun ga yadda zaɓe ya kaya. Abokin hamayya kuwa abin da yake jira ke nan, ya ɗauki takardar albashinka ta watan zaɓe ya nufi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Na ce wa yaron nan, idan ya yanke shawara, ya rubuta takardar kwafi biyu, ya kai da hannunsa, ya tsaya a buga wa nasa kwafin hatimin karɓa mai kwanan wata, ya adana shi kamar takardar gona. Amma na ƙara masa da cewa kada ya kuskura ya ajiye aiki sai hukumar zaɓe ta fitar da rana. Na gode wa Allah da ya ji wannan shawara, domin ranar ba ta fito ba.

Sharaɗin karatu kuma mutane sun fi tsananta shi fiye da yadda doka ta yi. Sashe na 318 ya faɗaɗa ma'anar "makamancinsa" har ta haɗa da takardar malanta mai daraja ta biyu, har ma da takardar gama firamare idan mutum ya haɗa da aikin shekara goma, da kwasa-kwasan da suka kai shekara ɗaya, da iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar zaɓe za ta gamsu. Na ga mutumin da abin da yake da shi na gaskiya zai iya isarsa, amma kunya ta sa ya je ya sayo sakamakon da ba nasa ba, kuma shi ya kayar da shi a wurin tantancewa.

Namu aikin mun yi shi a kan lokaci. Abu na farko shi ne shaidar rasuwa a rubuce, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne a inda ake binne mutum ranar da ya cika, ba wanda ke tunanin takarda. Sai da muka samo wasiƙa daga asibitin da ya kwanta, da ta dagaci, aka yanko takardar shaidar mutuwa. Lida, wato shugaban majalisar kansiloli, ya sanar da gurbin a zama, na shigar a rubuce, muka aika wa hukumar zaɓe ta jiha, kwafi ga ciyaman da ma'aikatar ƙananan hukumomi. Dokar jiharmu ta sa adadin kwanakin da za a yi zaɓen cike gurbi a cikinsu. Kwanakin suka cika suka wuce. Muka aika tuni, aka ce babu kuɗi. Muka sake aikawa, aka ce ai babban zaɓe ya kusa, alhali saura fiye da shekara. Abin da na fahimta a lokacin shi ne dokar ta faɗi wa'adi amma ba ta faɗi abin da zai sami wanda ya ƙi cika shi ba, ba ta kuma ware kuɗin zaɓen a gefe ba. Idan gurbi ya kasance a mazaɓar da jam'iyya mai mulki take shakkar ci, shirun ya fi tsawo.

Masu cewa kansila ba ya komai, da sun zauna a zaman kasafin kuɗi na shekarar nan da sun canza magana. Jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, kwashe shara, lasisin keke da baro da amalanke da kwalekwale, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan ta haɗa hannu da jiha a kan firamare da lafiya da noma. Kuɗin ba ya isa, kullum ba ya isa, don haka zaman kasafi zaman ja-in-ja ne. Kowane kansila da takardarsa a hannu: rijiyar burtsatse a nan, rufin aji biyu a can, gyaran asibitin sha-ka-tafi. Marigayin ya shekara yana naci a kan wani kwalbati da zai haɗa ƙauyukansa da hanyar kasuwa, har ya samu an sa shi a daftari. Da aka zo rage ayyuka don lissafi ya daidaita, ina zaune da biro a hannu Lida ya karanto layin, ya ɗaga kai ya dubi zauren, ba wanda ya yi magana, aka soke. Babu mugu a cikinsu. Kowa nasa yake karewa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni akawu ba ni da bakin magana a zama, rubutawa kawai na yi, kuma har yau soke layin nan yana damuna. Haka aka yi a rabon taki, haka aka yi da aka zo ɗaukar ma'aikatan wucin gadi na rigakafi. Matasan mazaɓar masu neman takardar shaidar asali don shiga soja ko ɗan sanda sukan wuni a barandar sakatariya babu mai shigar da su.

Ciyaman ya yi ƙoƙarin rage zafin abin, ya naɗa wani ɗan mazaɓar kansila mai kula da sashen noma. Ya taimaka, amma kansilan naɗi ɓangaren zartarwa yake, yaron ciyaman ne, ba shi da kujera a majalisa balle ƙuri'a, kuma ranar da ciyaman ya ga dama zai sallame shi. Gurbin ciyaman kansa bai kai wannan wahala ba, domin idan ya rasu ko ya sauka ko aka tsige shi, mataimakinsa ne ke hawa.

Mutuwa ba ita kaɗai ke kawo gurbi ba. Dokarmu ta ɗauko abin da sashe na 109 ya tanada wa 'yan majalisar jiha: wanda ya yi fashin zama ba dalili fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zaman shekara, wanda ya sauya sheƙa alhali jam'iyyarsa ba ta rabu ba, da wanda mutanensa suka yi wa kiranye. Saboda wannan na koyi kulle rajista a durowa. An sha zuwa mini da dare, "Akawu, don Allah bari Honarabul ya sa hannu a na makon jiya." Ban taɓa bayarwa ba, domin rajistar da aka taɓa sau ɗaya ba ta da sauran daraja a gaban alƙali, ko don a kori wanda ya cancanci kora, ko don a kare wanda ake so a kora da sharri. Na kuma lura ba a tuna dokar sauya sheƙa sai idan mutum ya bar jam'iyya mai mulki. Idan cikinta ya shigo, har biki ake yi masa.

Mazaɓar nan haka ta zauna har wa'adi ya ƙare. Da ya ƙare kuma ba a yi babban zaɓen ba, aka turo kantoma da kwamitin riƙo, aka rufe zauren majalisa, duk mazaɓun suka koma daidai da ita. Kotun ƙoli ta sha yin magana a kan wannan. A 2016 ta soke rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin Ekiti da aka yi a 2010. A watan Mayun 2021 ta yanke irin wannan hukunci a kan Katsina da Oyo, ta ce a biya waɗanda aka kora haƙƙoƙinsu. Sannan a ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da ministan shari'a Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, ta ce naɗa kantomomi ya saɓa wa kundin tsarin mulki, kuma kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye, ba na gwamnoni su riƙe ta asusun haɗin gwiwa ba. Bayan hukuncin jihohi da dama suka yi gaggawar shirya zaɓe.

Sai dai waɗannan shari'o'i duk a kan majalisa sukutum aka yi su, kuma manya ne suka kai ƙara, masu lauyoyi. Kujera ɗaya a mazaɓa ɗaya tana nan a hannun dokar jiha da hukumar zaɓe ta jiha. Da gurbin ya faru ban ga wanda ya nemi kwafin dokar daga mazaɓar ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba a taɓa fassara ta da Hausa ba, kwafin da ke ofishina ma na gaje shi ne daga wanda na canza. Yanzu idan mutanen wata mazaɓa suka zo mini da irin wannan, nakan buɗe musu sashen, in karanta musu da Hausa, mu ƙirga kwanakin tare daga ranar da Lida ya sanar da gurbin. Sannan su rubuta wa hukumar zaɓe da sunan masu rajistar zaɓe na mazaɓar, ba da sunan jam'iyya ba, su kai kwafi ga ɗan majalisar jiharsu da kwamitin ƙananan hukumomi na majalisar, su riƙe nasu mai hatimi. Idan wa'adin ya wuce, wannan kwafin ne lauya zai fara tambaya kafin ya nemi babbar kotun jiha ta tilasta wa hukumar ta sa rana.