Ashe ba kafireto ba ne

Sati uku ina zargin kafireto. Injin kwale-kwalena mai silinda biyu ya ƙi tashi da wuri, in ya tashi kuma da na ɗora kaya sai ƙarfinsa ya ragu. Na wanke, na sauya filogi, shiru.

Jiya na aro mitar auna matsin iska a cikin silinda. Na bar injin ya ɗumama, na cire filogi duka biyun, na zare igiyar kashe wuta, na buɗe totur gaba ɗaya, na ja igiyar tayar da injin sau biyar. Silindar sama ta ba ni 120 psi (ma'aunin matsi ke nan), ta ƙasa 85. Ka'idar ita ce bambanci kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, nawa kuwa ya doshi 30.

Na ɗiga ɗan baƙin mai a ta ƙasan, na sake gwadawa. Da ringin fistan ne ya ci, da allurar mitar ta hau. Ko motsi ba ta yi ba. Sai na lura filoginta fes yake kamar an wanke shi, wato ruwa na shiga. Gaskit ɗin kai ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin silinda da murfinta.

Kafireton nan ya sha wanki a banza, wallahi.