Rigar da Aka Tanada da Rigar da Aka Sa a Fili

Ranar Asabar da ta wuce, bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya shigo gidana a unguwar Asawase ta Kumasi riƙe da leda, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Kawu, yau na samo maka abin da ka daɗe kana nema." Da ya buɗe sai ga farar rigar Black Stars, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Ghana, mai lamba 3 da sunan Gyan a baya, a ƙirjinta kuma an buga sunan Uruguay da kwanan wata, 2 ga Yuli 2010. Mutumin da ya sayar masa ya rantse cewa daga ɗakin canza kayan 'yan wasa ta fito. Tun ban juya cikinta ba na ce ya mayar da ita, domin duk wanda ya kalli wasan nan na gasar cin kofin duniya a Johannesburg, ya ga yadda bugun fenaretin Asamoah Gyan ya daki ƙarfen raga, ya san cewa jar riga mai ratsin ruwan ɗorawa Ghana ta sa a wannan dare. Yaron ya yi shiru, ni ma raina bai yi daɗi ba, saboda kuɗin guminsa ya zuba don ya faranta mini.

Na daɗe ina tara rigunan ƙwallo, kuma abin da ya fi cutar da masu shigowa harkar shi ne rashin kiran kowace riga da sunanta. Akwai wadda kamfani ya yi wa magoya baya, wadda ake samu a kanti ko a tsinta a dilar gwanjo a Kejetia, kuma ba laifi ba ne a ajiye ta. Akwai wadda aka tanada wa ɗan wasa don wani wasa takamaimai, aka buga mata suna da lamba da bajon gasar, amma ta kwana a rataye, ko don yana benci, ko don ita ce ta biyu da aka ajiye masa ya canza a hutun rabin lokaci. Sannan akwai wadda ya sa a jikinsa ya yi gumi a cikinta. Ta biyu da ta uku tagwaye ne, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya, bugu ɗaya, amma tazarar farashinsu tana da girma, kuma a cikin wannan tazara masu cin haram suke samun wurin zama.

Idan riga ta shigo hannuna, nakan juya cikinta waje in shimfiɗa ta a kan tabarma inda hasken rana yake. Ina fara da 'yar takardar wanki da ke gefen ciki, in duba lambar samfurin ko ta dace da shekarar da ake faɗa. Daga nan ina shafa bajon da yatsa, domin a rigunan 'yan wasa na zamanin nan galibi manna shi ake yi da zafi don kada ya yi nauyi ko ya goge fata, na magoya baya kuwa sau da yawa ɗinkakke ne da zare mai kauri. Ina auna tsayin lambar baya da tef irin na tela, in kwatanta siffar haruffan da hotunan wasan. Duk wannan yana iya nuna cewa rigar ta 'yan wasa ce, amma ba ya nuna cewa an sa ta. Tabon ciyawa ko ƙasa kuwa ba na ɗaukarsa hujja, tun da kowa yana iya goga riga a filin makaranta.

Abin da ke kusantar da mutum ga yaƙini shi ne daidaita rigar da hoton wasa, wato a nemo wata alama da ita kaɗai take da ita, kamar zaren da ya fita, ko lambar da aka manna a karkace, a kuma same ta a wuri ɗaya a hoto. Haka aka yi da shuɗiyar rigar da Maradona ya ci Ingila ƙwallo biyu da ita a 1986. Ɗan wasan Ingila Steve Hodge ne ya karɓe ta a musaya bayan wasan, ya riƙe ta shekaru fiye da 30, amma da za a yi gwanjonta 'yar Maradona ta ce wannan ta rabin lokaci na farko ce, ba wadda ya ci ƙwallayen da ita ba. Kamfanin gwanjo na Sotheby's ya kafa hujja da binciken hotuna, aka sayar da ita a Mayun 2022 a kan fam miliyan 7 da ɗoriya. Rigar da duniya ta san hannun da ta fito ma sai da aka yi mata gardama, balle wadda aka miƙo wa mutum a leda.

A nan gida lamarin ya fi wuya, kuma nan ne zuciyata ta fi karkata. Ƙungiyoyinmu da yawa sukan wanke riga ɗaya a yi ta buga wasanni da ita har ta koɗe, hotunan da kuma ba su da yawa. Wanda ya ce yana da rigar Asante Kotoko ta 1983, shekarar da suka ɗauki kofin zakarun Afirka karo na biyu, ba takardar wanki ce za ta gaskata shi ba. Sai dai a bi salsala, kamar yadda malamanmu suka koya mana tambayar wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji. Wa ya cire ta daga jikinsa, wa ya karɓa, a akwatin wa ta zauna? Dattawan da za su amsa waɗannan tambayoyi suna ta raguwa, shi ya sa duk lokacin da na samu ɗayansu nakan zauna in rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗe shi.

Ɗan ƙanwata ya samu kuɗinsa bayan an kai ruwa rana. Da ya dawo na buɗe masa akwatina, na nuna masa wata riga da na fi ƙauna, wadda na samu daga hannun wani tsohon mai kula da kayan 'yan wasa. A jikin ledarta na liƙa takarda da rubutun hannuna: "An tanada, ba a tabbatar an sa ba." Ya ce, "Kawu, ai da ka cire rabin ƙarshen nan kuɗinta ya ninka." Na ce masa haka ne, sannan na miƙa masa tef ɗin na ce ya auna lambar bayanta da kansa.