Godiya ga duk waɗanda suka tsaya mana

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Jiya aka sallamo ƙanwata daga asibiti bayan kwana goma sha ɗaya tana jinyar ƙunar da ta samu da gas ya fashe. Hannun dama da gefen wuya suna warkewa, ido kuwa Allah ya tsare. Alhamdulillahi.

Godiya ta farko ga maƙwabciyarmu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta shigo ko takalmi babu. Ta tarar mata sun taru a kan yarinya, wata na fasa ɗanyen ƙwai, wata ta ɗauko makilin, wata manja. Ta ture su duka, ta sa aka yi ta kwarara ruwa a kan ƙunar kusan minti ashirin, ta zare mata zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba. Likita ya ce ruwan nan ne ya hana ciwon cin nama. Anti, bakina ya yi kaɗan, Allah ya biya ki.

Sai mai adaidaitan da ya kai mu ya ƙi karɓar ko sisi, ko sunansa ban tambaya ba. Da matasan layinmu da suka kashe wutar labule, da dangi da suka yi karo-karon kuɗin magani, da masu kawo abinci safe da yamma. Allah ya bar zumunci.

Ana ta tambayata ko babbar tukunyar gas ce ta fashe. A'a. Ɗan ƙaramin rishon nan ne mai araha, wanda ake sayarwa cikin akwatin roba, ana kwantar masa da gwangwanin gas mai giram 220 a gefe. Ranar suna murhu ya yi kaɗan, sai ƙanwata ta ɗora tandar waina a kai. Tanda ta fi rishon faɗi, ta rufe wajen gwangwanin, zafi ya riƙa komawa kansa har ya tarwatse. A jikinsa an rubuta kada zafi ya wuce digiri 50, amma wa ya karanta?

Ni ma da nawa laifin. Gwangwanin nan sau ɗaya ake amfani da shi a yar, ni kuwa don tsimi na kai aka sake ɗura masa gas na girki, wanda ƙarfinsa ya fi abin da siririn ƙarfen zai iya ɗauka. Ban taɓa kawowa a raina ba.

Da Kawu ya zo jaje, shiru ya yi, can ya ce shi ya ga gobarar Mina ta 1997, wadda daga gas ɗin girki ta tashi ta ci alhazai sama da ɗari uku. Tun ran nan ba ya yarda da wuta kusa da tukunya, babba ko ƙarama. Da muna masa dariya.

Mai son zuwa dubiya, tana gidan Hajiya. Ku bari sai bayan la'asar, don da safe ake wanke ciwon, ba ta son ganin kowa.