Kafin ku jefa ƙuri'a saboda anini a kafaɗa

Ɗan ƙanena ya sa hoton wani ɗan takara a fuskar wayarsa, hoton da aka ɗauka tun mutumin yana cikin kaki. Na tambaye shi a wane sashe na soja ya yi aiki, ya ce bai sani ba. Da wane muƙami ya bar aiki, kuma ta wace hanya ya fita? Nan ma bai sani ba. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Baba, ai soja ne, zai gyara." Ni ma na taɓa yin wannan magana da bakina, har na ja mutane da ita zuwa akwatin zaɓe.

Ba ni da uzurin jahilci, domin na sa kaki, kuma na yi aiki a ofishin da ake ajiye fayilolin sojoji. Na san cewa "soja" suna ne da ya haɗa mutane iri-iri, kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wanda ya jagoranci kamfani, wato rukunin sojoji 100 zuwa 200, a fagen daga. Akwai laftanar kanar da ya riƙe bataliya ta mutum 500 zuwa 1,000, yana lissafin abincinsu da harsasansu da man motocinsu da albashinsu. Akwai kuma wanda ya kai janar yana daga wannan tebur zuwa wancan, ko yana riƙe wa wani babba jaka. Duk na san wannan, amma da wani tsohon hafsa ya fito takara ban nemi sanin cikin waɗannan wane ne shi ba. Na ga anini, na ce an gama.

Idan zan kare kaina, zan ce zamanin ya tura mu. Farar hula sun gajiyar da mu da alkawari, ofis ba ya buɗewa kan lokaci, doka ba ta aiki sai a kan talaka. Wanda ya san bariki, inda fareti ke farawa daidai mintin da aka faɗa, dole ya yi kwaɗayin ganin ƙasa ta zama haka. Har yau ban ga laifin wannan kwaɗayi ba.

Laifina shi ne na manta da abin da ke riƙe da tsarin bariki, alhali ina cikinsa. Soja yana bin umarni ne saboda ƙin bi laifi ne da ake gurfanar da mutum gaban kotun soja a kansa. Ba ya yajin aiki, ba shi da ƙungiyar ƙwadago, ba ya ajiye aiki ranar da ya ga dama, ba ya zuwa jarida ya soki kwamandansa. Cire waɗannan, ka ga abin da zai rage na biyayyar. Shugaban farar hula kuwa ya ba da umarni, majalisa ta riƙe kasafin kuɗi, kotu ta dakatar, ƙungiyar ma'aikata ta rufe ofis, kuma duk cikinsu babu mai laifi, aikinsu ke nan. Mutumin da ya yi shekaru bai taɓa jin "a'a" daga na ƙasa da shi ba, ranar da ya ji ta sai ya ɗauke ta tawaye.

Lalacewar tana da yadda take tafiya, kuma na kalle ta da idona a kan wanda na zaɓa. Da farko ya rage zama da masu faɗa masa gaskiya, don gardama tana ɓata masa lokaci. Sai ya jawo abokansa na makarantar soja ya ba su manyan kujeru, tun da su kaɗai ya yarda da su. Daga nan kuɗi suka riƙa komawa ƙarƙashin sunan tsaro, inda ba a tambayar rasit. A ƙarshe ɗan jarida da alƙali da ɗan adawa duk suka koma abokan gaba a idonsa. Bai zama mugun mutum ba, har yanzu ina ganin da niyyar alheri ya shigo. Amma niyyarsa ba ta biya wa kowa asarar waɗancan shekaru ba, kuma ina da kaso a cikin alhakin.

Duk da haka ba zan yarda a ce aikin soja ba ya koyar da komai ba. Yana koyar da tsara aiki, da isar da kaya inda ake buƙata kan lokaci, da zama da mutanen kowace ƙabila da kowane addini a ɗaki ɗaya. Dwight Eisenhower, wanda ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai a yaƙin duniya na biyu, ya mulki Amurka daga 1953 zuwa 1961, an tsagaita wuta a yaƙin Koriya a shekararsa ta farko, kuma da zai sauka shi ne ya gargaɗi ƙasarsa kan haɗin bakin sojoji da masu ƙera makamai. Sai dai ku lura da aikin da ya yi a cikin kaki. Mafi yawansa sasanta hafsoshin Amurka da na Ingila ne, da lallashin 'yan siyasa irin su Churchill, firaministan Ingila na lokacin, wato ya koyi siyasa tun kafin ya cire kaki. Janar Ulysses Grant kuwa ya ci yaƙin basasar Amurka a 1865, ya zama shugaba daga 1869 zuwa 1877, amma badaƙala ta cika gwamnatinsa. An gurfanar da sakatarensa Orville Babcock, wanda ya yi masa aiki tun a fagen yaƙi, kan satar harajin barasa, Grant ya ba da shaida don kare shi, aka wanke shi. Ministan yaƙinsa William Belknap, shi ma tsohon janar, ya yi murabus a 1876 kan karɓar na goro. Amanar abokin yaƙi abin yabo ce a ramin yaƙi, a gwamnati kuwa ita ke rufe ido.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na auna su kaɗan ne suka tsaya.

Ku nemi takarda. Kowane soja da ya bar aiki yana da takardar sallama, a Amurka ana kiranta DD 214, kowace ƙasa kuma da irin tata. Ku duba shekarar shiga da ta fita, muƙamin ƙarshe, sashen da ya yi aiki, da hanyar fita: ritaya ta son rai, ritayar dole, rashin lafiya, ko kora bayan hukuncin kotun soja. Ritayar dole ba kullum take nufin laifi ba, wani lokaci canjin gwamnati ne ke share manya. Kora kuwa sai an yi bayani. Lambobin yabo ma ku bambanta su. Akwai wadda ake bai wa duk wanda ya daɗe a aiki ko ya je wani fage, akwai ta bajinta wadda ke zuwa da rubutaccen dalili. Ƙirji cike da lambobi ba ya nufin mutum ya taɓa jin ƙarar harsashi.

Ku duba abin da ya yi ranar da aka ce masa a'a. Wannan ya fi duk sauran nauyi. Charles de Gaulle, tsohon janar da ke shugabancin Faransa, ya sha kaye a ƙuri'ar raba gardama a 1969, ya sauka nan take. Mathieu Kérékou na Benin, wanda ya hau mulki da bindiga a 1972, ya amince da kayen da Nicéphore Soglo ya yi masa a 1991. Mamadou Tandja na Nijar, tsohon kanar da aka zaɓa a 1999 da 2004, da aka hana shi tazarce a 2009 sai ya rusa majalisa da kotun tsarin mulki, sojoji suka kifar da shi a Fabrairun 2010. Olusegun Obasanjo ya miƙa mulki ga Shehu Shagari a 1979, amma a 2006 sai da Majalisar Dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulki da zai ba shi damar wa'adi na uku. Mutum ɗaya ne, sai dai shekaru sun shiga tsakani, don haka ku duba halinsa na baya-bayan nan.

Wanda ya taɓa juyin mulki kada ku ba shi ƙuri'a. Na san yanzu na ambaci Kérékou da alheri, kuma Jerry Rawlings na Ghana, wanda shi ma ya hau mulki da bindiga, ya miƙa mulki a 2001 bayan jam'iyyarsa ta faɗi zaɓe. Ban janye ba. Ba za ku iya sanin wanne daga cikinsu zai tuba ba, kuma kuɗin kuskuren ya yi yawa.

Abin da ke ƙona mini rai da ku samarin yau shi ne, mu a zamaninmu sai abin da rediyo ya faɗa. Ku kuwa tsofaffin jaridu da rahotannin kwamitin bincike da jawaban mutum duk suna cikin wayar da ke hannunku, amma ba ku wuce hoto da gajeren bidiyo. A sa wa mutum kiɗa a bayan faretinsa, shi ke nan kun sallama. Wasunku kuma sun zarce ɗaya ɓangaren, da sun ji "tsohon soja" sai zagi, kamar wanda ya kwana a rami don su kwana a gida bai cancanci girmamawa ba. Ya cancanta. John McCain ya yi shekara 5 da rabi yana fursunan yaƙi a Vietnam, Amurkawa suka girmama shi, amma da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2008 suka zaɓi Barack Obama wanda bai taɓa sa kaki ba.

Idan ɗan takara ya ƙara wa kansa muƙami, ko ya ce ya je fagen da bai je ba, ku bar shi ko da ya fi kowa iya magana. Gano wannan ba wuya. Ku haɗa shekarun da ya faɗa da shekarun da aka yi yaƙin, ku nemi sunan rundunarsa, sannan ku tambayi tsofaffin sojojin da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, musamman saje da kofur, don su suka san ko abincinsu da alawus ɗinsu suna isa hannunsu a lokacinsa.