Mai shagon takin da ke hana mutane sayen taki da yawa

Ni dai sana'ata sayar da kayan noma ne a Kumo, ƙaramar hukumar Akko a jihar Gombe. Shago ɗaya ne da sito a baya, ni da yara biyu masu taimaka min, muna sayar da takin zamani, iri, maganin ciyawa, maganin ƙwari, injin feshi na goyo da buhunan ajiyan wake. Cinikinmu na gaske daga watan 5 ne zuwa watan 8, in ka rasa waɗannan watannin toh shekaran ka ta tafi, sauran lokaci sai ɗan abin da 'yan noman rani na wajajen Dadin Kowa suka zo suka ɗauka, irin tumatir ne, yuriya na shinkafa ne, da haka ake lallaɓawa har damina ta zagayo.

Abin da ya canza min yadda nake wannan sana'a faɗa ne da wani dattijo kwastoma na. Bayan an yi girbi ya zo shago ranar kasuwa, mutane cike, ya ce ɗan nan ka cuce ni, takin da ka sayar min jabu ne, buhu shida na zuba masara ta ko kuɗin takin bata mayar ba. Wallahi ranar kaman ƙasa ta tsage in shige, don a harkan mu in aka ce kayanka jabu ne an gama da kai. Na ce Baba ka yi haƙuri, gobe in Allah ya kaimu ka kai ni gonan in gani da idona. Muka hau mashin muka je. Karan na tsaye ba a sare ba, toh abin da na gani, tsakanin rami da rami ya fi taku guda na babban mutum, kowane rami kara uku ko huɗu sirara kaman tsintsiya, ga busasshen wuta-wuta ko'ina. Na tambaye shi yaushe aka sa takin, ya ce sai da masara ta kai gwiwa don kuɗin bai haɗu da wuri ba, kuma yara ne suka watsa a sama ba a tona ba. Jikina ya bani ba laifin takin bane, amma maganar gaskiya na kasa yi mishi bayani yadda zai gamsu, don ni kaina a lokacin buhu kawai na sani da farashin sa.

Akwai wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya yana yawan zama a bencin ƙofar shagona, tun zamanin aikin gona na Gombe da Bankin Duniya ya kawo wajen 1975 tare da na Funtua da Gusau yake cikin harkan. Shi ya ce min kai yaro surutu bazai fisshe ka ba, ka nemi ɗan fili a bakin hanya ka yi gonar gwaji mutane su gani. Shi ya koya min ƙa'idan da masu bincike ke bi, kuma ba wani abu bane mai wuya sai dai yana son haƙuri. Abu ɗaya tak zaka canza a kowane yanki, sauran komai iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka, iri ɗaya, noma ɗaya. Sannan dole ka bar wani yanki da aka yi shi yadda aka saba don ka samu abin gwadawa da shi. Kuma kowane gwaji ka maimaita shi a wurare uku cikin filin, saboda in yanki ɗaya ya faɗa kan tsohon suri ko inda Fulani suka taɓa zama da shanu zai yi kyau ko me ka yi mishi, sai ka ɗauka dabaran ka ne. In an girbe a auna da sikeli, ban da kallon ido, ido na da son kai.

Shi ya fara bani labarin cewa a Samaru Zariya, cibiyar binciken noma ta IAR da duk irin nan masu suna SAMMAZ na masara da SAMPEA na wake da SAMNUT na gyaɗa suke fitowa, akwai filin gwajin taki da aka fara tun 1950 ana kwatanta kashin shanu da takin zamani a wuri ɗaya shekara da shekaru, a Ingila ma akwai na alkama a Rothamsted tun 1843 har yau ba a daina ba. Na ce ikon Allah, mu kuma damina ɗaya muke gwada abu mu yanke hukunci.

Abu na farko da ya bani mamaki a filina tazara ne, abin da ko sisi ba a saye. Masu bincike suna cewa masara santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, in ka lissafa hekta ɗaya zai ɗauki tsiro wajen 53,000. Wannan shi 'yan Sasakawa, wata ƙungiyar Japan mai koyar da manoma, suka yi ta koyarwa tun da suka shigo Najeriya a 1992. Mutanen mu suna ganin asaran wahala ne, a jefa huɗu a rami in biyu sun mutu biyu su rayu, amma in huɗun suka rayu sai su yi ta kokawa kan abinci ɗaya da rana ɗaya, kowanne ya yi goyo ɗan mitsitsi, ga fili a tsakani ciyawa na shan takin ka a banza. Yankin da na ja igiya na shuka ɗaya-ɗaya, taki daidai da na kusa da shi, da aka ɗora a sikeli sai da yaran shago na suka ce a sake aunawa.

Na biyu lokaci da yadda ake sa takin. Kamfa, wato takin NPK, kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, yuriya kuma wajen sati 5 zuwa 6, a tona ɗan rami gefe da gindin a zuba a rufe, ƙasa da danshi. Yuriya in ka watsa shi a sama rana ta buge shi wani kaso yana bin iska ne, in ruwa mai ƙarfi ya sauko ya kwashe sauran ya kai kwari. Abin da ya samu Baba kenan. Yanzu duk wanda ya sayi buhu sai na ce don Allah a tona a binne, wasu har suna min dariya wai Malam tona-ka-binne.

Sai lissafin buhu, wanda ina ganin kowane mai shago ya kamata ya iya amma da yawan mu basu iya ba. Lambobin da ke jikin buhu kaso ne cikin ɗari. Kamfa 15-15-15 mai kilo 50, naitirojin ɗin cikinsa kilo 7.5 ne, fosfaras 7.5, fotash 7.5. Mai 20-10-10 kuma kilo 10 da 5 da 5. Yuriya kaso 46 ne, wato kilo 23 na naitirojin zalla ba komai bayan shi. Toh da kamfa ya yi tsada mutane da yawa sun koma yuriya kawai tunda shi ke sa ganye ya yi kore shar har maƙwabci ya tsaya kallo, amma in ƙasan ba fosfaras saiwa bata kamawa, tsiro ya tsaya cak ganyen ƙasa ya yi ja-ja. Malamin nan ya kwatanta min da ganga da aka haɗa da katako, ɗaya gajere ne, duk ruwan da ka zuba ta wajen gajeren zai zube. Ya ce wani Bajamushe mai suna Libig ne ya yaɗa wannan magana tun ƙarni na 19. Gajeren katakon wani fosfaras ne, na wani ruwa ne, na wani ciyawa ne da ba a nome da wuri ba, na Baba kuwa wuta-wuta ne, kuma duk yuriyan duniya in an sa shi a makare bazai toshe wannan ba.

Wuta-wuta kam ya isa a yi mishi zama na musamman. Kafin ka ga furen nan nasa mai kyau a sama ya riga ya gama tsotse saiwan masara ko dawa a ƙarƙashi. Gindi ɗaya yana zubar da 'ya'ya dubbai ƙanana kaman ƙura kuma suna iya zama a ƙasa sama da shekara 10 suna jira, basa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwan hatsi ke fitarwa. Dabaran da bincike ya gano ta burge ni sosai, waken suya da auduga da gyaɗa suma suna sa 'ya'yan su tsiro amma ba inda za su kama sai su mutu, yaudara kenan. Ga shi waken suya yana ɗauko naitirojin daga iska ta ƙulle-ƙullen saiwan sa, in ka tuge ka fasa ƙullin ka ga ja a ciki toh yana aiki. Shi yasa nake ajiye irin waken suya TGX na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da masara SAMMAZ 15 mai jure wuta-wuta, na ce wa mutum bana suya baɗi masara, kuma ya tuge wuta-wutan kafin ya yi fure ya fitar da shi daga gonan, ba ya yar a cikin kunya ba.

Harkan iri ma na sha wuya a ciki. Wata shekara wani dila ya kawo min masara cikin leda mai kyau an rina shi da jan kala, farashi da sauƙi, kwaɗayi ya ja ni na ɗauka, ashe hatsin kasuwa ne aka rina. Rabi bai fito ba, sai da na mayar wa mutane kuɗin su daga aljihu na, shi kuma wayarsa har yau a kashe. Tun daga nan duk irin da ya shigo shago sai na ƙirga ƙwaya 100 na sa a jiƙaƙƙen buhun algarara na bar shi sati guda, in waɗanda suka tsiro basu kai 85 ba bana sayarwa, kuma ina duba tambarin hukumar iri ta ƙasa a jiki. Sannan ina faɗa wa mutane gaskiya, haibirid, wato irin da aka yi wa aure, kaman su Oba Super in ka ɗebi na rumbu ka sake shukawa baɗi amfanin zai faɗi, amma irin su SAMMAZ 15 ana iya maimaitawa shekara biyu ko uku. Wannan maganan tana rage min ciniki, na sani.

Tsutsan masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 ita ce ta sa maganin ƙwari ya zama rabin cinikin damina. Ita ma dai lokaci ne, tun tana ƙarama a fesa cikin kwarkwaron masaran da sassafe ko da yamma, in ta girma ta shige ciki sai asaran kuɗi. Na wake kuma an fitar da SAMPEA 20-T a 2019, irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta mai jure tsutsan fure, mutane na ta gardama a kansa, ni dai wanda ya tambaya ina mishi bayanin abin da yake ya zaɓa da kansa.

Amma fa nima ina da ƙorafi kan masu binciken. A takarda ana cewa hekta ɗaya na masara yana son naitirojin kilo 120, fosfaras 60, fotash 60, in ka mayar da shi buhu kamfa 8 kenan da yuriya kusan 3. Don Allah wane ƙaramin manomi ne a ƙauyukan Akko zai sayi buhu 11 tun bayan cire tallafin mai a 2023 da komai ya tashi? Yawancin masu zuwa wurina a mudu suke saye. Haka ake cewa a bar kara a gona ya rufe ƙasa ya ruɓe, maganan gaskiya ce, ƙasan mu na jigawa ta gaji tana son ruɓaɓɓen abu, amma karan nan shi ne abincin dabba, shi ne danni, shi ne makamashi, in ma ka bari shanu za su shiga su cinye. Abin da na ga ya dace da aljihun mutanen mu shi ne binciken da cibiyar binciken noma ta ICRISAT suka yi a Nijar na sa taki kaɗan-kaɗan, cikin murfin kwalba a gindin kowane gero ko dawa, a haɗa da takin gida. Da kuma barin gawo a gona, tunda shi da damina yake zubar da ganye baya tare rana, duk manomi ya san geron gindin gawo daban yake tun kafin a rubuta a littafi.

Shi yasa in mutum ya zo da kuɗin buhu biyu ya ce hekta biyu zai watsa wa, nakan ce Alhaji ka tattara shi a rabin hekta ka yi shi da kyau, sauran ka sa suya ko wake ko riɗi. Abokan sana'a suna cewa ni wane irin ɗan kasuwa ne mai korar ciniki. Toh ni bashi nake bayarwa da yawa sai kaka a biya, in gonan mutum bata yi ba kuɗi na ne ya nutse.

Baba kuwa sai da ya shekara biyu baya ko kallon shagon. Ranar da muke girbe filin gwaji ya tsaya da keken sa a bakin hanya yana kallon sikeli bai ce komai ba, da damina ta kusa sai ga jikansa da saƙo wai a bashi tiya biyu na waken suya, kuma a ara mishi igiyan nan mai ƙulli-ƙulli na awon shuka. Har yanzu igiyan bata dawo ba. Bana filin zan raba shi ne tsakanin kashin kaji da na shanu da juji, kowanne da rabin kamfa, na riga na yi magana da mai gidan kaji a hanyar Gombe, kuɗin mota ne kawai bamu daidaita ba.