Yadda na tsara gyaran banɗakin gidana

Danshin da ya ɓullo a bangon ɗakin kwana, daidai bayan wurin wanka, shi ne ya tilasta mini sabunta banɗakin gidana. Tun da ruwa ne ya jawo aikin, sai na ƙudura cewa hanyar da ruwa zai bi ya shigo da wadda zai bi ya fita su ne zan fara tsarawa, launin tayil da ƙawa kuma su biyo baya.

Kafin a fasa komai, na auna ɗakin na zana shi a takarda, na nuna ƙofa da ɓangaren da take buɗewa, da taga, da inda kowane bututu yake. A kan wannan takarda na yanke shawarar barin masai inda yake, duk da cewa na so in mayar da shi ɗaya kusurwar. Bututunsa mai faɗin inci 4 ne, kuma dole ya tafi a gangare har ya fice daga gida, saboda haka matsar da shi na nufin a haƙa daɓe da zurfi a sake shimfiɗa layin gaba ɗaya. Na bar kimanin santimita 60 a gabansa domin mutum ya sake, na kuma ware wa wurin wanka santimita 90 ta kowane gefe, wanda a ganina ƙasa da haka takura ce.

Na sayi kujerar masai da kwanon wanke hannu da kan shawa tun kafin mai aikin famfo ya fara, domin su ne ke nuna inda bututu zai fito. Wata kujerar ta ƙasa take zubarwa, wata ta bango, kuma tazarar da ke tsakanin bango da tsakiyar bututun, wadda galibi takan kai santimita 30, ba ɗaya ba ce a kowane samfuri. Ana kuma auna ta ne daga fuskar bangon da aka gama, wato har da kaurin filasta da na tayil. Bayan an shimfiɗa bututun ruwa a cikin bango, na sa aka toshe bakunansu aka sake musu ruwa da ƙarfi domin a ga ko wani mahaɗi yana yoyo, sannan na ɗauki hoton kowane bango kafin a rufe shi, saboda ranar da za a huda shi a rataya madubi.

Wurin da na fi tsayawa shi ne daɓe. Mutane da yawa sun ɗauka tayil yana hana ruwa wucewa, alhali simintin da ake cike tsakaninsa da shi yana tsotsar ruwa, kuma idan aka daɗe yakan tsage. Abin da ke kare gini shi ne shafen hana ruwa da ake yi a ƙarƙashi, wanda ya kamata ya rufe daɓen duka, ya hau jikin bango, a wurin wanka kuwa ya wuce tsayin mutum, tare da ƙara kulawa a kusurwoyi da kewayen magudana, inda yoyo ya fi farawa. Da shafen ya bushe, mai saka tayil ya so ya ci gaba a ranar, yana cewa aikin ya yi kyau a ido. Na ce masa, "Malam, ka yi haƙuri, sai mun gwada shi tukuna." Muka toshe magudanar, muka tara ruwa a daɓen, muka ja layi a bango daidai bakinsa, muka bar shi awa 24. Ruwan bai sauka ba, bayan bangon ma a bushe yake. Ina ganin babu matakin da ya kai wannan muhimmanci a aikin duka, domin idan tayil ya hau, gano wurin yoyo sai an fasa abin da aka riga aka biya kuɗinsa.

Gangaren daɓen shi ma a wannan matakin ake fitar da shi, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa ga magudana. Wannan ne ya sa na zaɓi ƙananan tayil marasa santsi a ƙasa, domin manya ba sa bin gangare sai an yayyanka su, masu sheƙi kuwa haɗari ne ga tsofaffi da yara idan sabulu ya zuba. Na kuma tabbatar kowace magudana tana da lanƙwasar nan mai riƙe ɗan ruwa a ciki, wadda ita ce ke tare wari daga dawowa ɗaki.

A lantarki ban yi tsimi ba. Na kira ƙwararre, aka ja wa hita layinta daban tare da wayar ƙasa, wato wadda ke kwashe wutar da ta zurare zuwa cikin ƙasa, aka saka na'urar da ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa, mai awon miliyam (milliamp) 30, wato ɗan ƙanƙanin ma'aunin wutar da idan ta zurare na'urar za ta katse. Na ƙara fankar da ke fitar da tururi waje, saboda tagar ƙarama ce.

Game da kuɗi, na sayi tayil da rarar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, na kuma ajiye wani kaso na kasafin ban taɓa ba, kasancewar babu wanda ya san halin da tsohon bututu yake ciki sai an buɗe bango. Masu aiki kuwa mun yi yarjejeniya a rubuce cewa za a riƙa biyansu mataki-mataki. Kason ƙarshe ban bayar ba sai da aka buɗe kowane famfo, aka kora masai, aka watsa bokitin ruwa a daɓe na ga ya gangara magudana bai kwanta a wata kusurwa ba.